Bakin Tasha: An ɗaga bayan bashe, birki yana nan inda aka bar shi



Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar Dogon Dutsi ranar da motoci ke shirin tafiya cin kasuwar ƙauye, ya ga abin da zan faɗi. Ga motocin bashe nan jere, waɗanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura, ba a fara lodi ba tukuna, amma kowace ta sunkuyar da kai ta ɗaga baya sama, sai ka ce raƙumin da ya fara tashi bai ida ba. Da marece in ka koma ka tarbe su, za ka iske buhunan wake da na gero sun danne bayan nan ya daidaita da gaba, mutane kuma suna bisa buhunan, direba ya fito da gwiwar hannu ta taga yana murmushi. Ka tambaye shi lafiyar mota, ya ce maka tasa tana ɗaukar buhu ashirin da biyar ba ta zauna ba. Wannan “ba ta zauna ba” ita ce na ɗauko mana a wannan mako, domin na kusa barin raina cikinta.

Bara da kaka na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye cikin ƙasar Gesheme. Da zan dawo ban samu wata mota ba sai bashen da ta taso daga kasuwa. Na ƙidaya buhu 22 na wake, da raguna biyu, da mutum goma sha huɗu a bisa kaya. Ni da yake na ƙara kuɗi, aka sa ni gaba kusa da direba. Muna cikin tafiya muka kai wani gangare mai sauka daga fako zuwa cikin kwari, sai ga amalanken jaki ya gitta. Ba gudu muke yi sosai ba. Direba ya taka birki, ƙafafun gaba suka yi ƙara, mota kuwa ta ci gaba da tafiya kamar wani na tura ta daga baya. Allah ya ba shi dabara ya karkata cikin rairayi, muka tsaya da ƙyar. Ba a rasa rai ba, sai dai wata baiwar Allah ta faɗo daga bisa buhu ta karye a wuyan hannu, ga shi lokacin sussuka ne, hannun nan shi ne abincin gidanta.

Direba ya fito yana rantsuwa: “Wallahi mushe, satin da ya wuce na sake takalman birkin baya, sababbi ne fil.” Ban yarda da shi ba a lokacin. Bayan kwana biyu na bi motar har garejin wani dattijon makanike a Dutsi, wanda ya tsufa cikin sana'a tun zamanin Peugeot 404. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya jima, sannan ya kira ni ya ce: “Ɗana, zo ka gani. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Birkinsa sabo ne, amma ba ya samun mai.” Abin da ya gwada mini a ranar, da abin da na bincika bayan haka, shi ne zan shimfiɗa muku.

Sai mu fara da abin da ke riƙe da bayan motar. Ƙafafun baya biyu suna haɗe da wani dogon ƙarfe mai ƙwarya a tsakiya, wanda makanikai namu ke kira fon. Tsakanin fon da shasi akwai wasu fala-falan ƙarafa masu lanƙwasa da aka jera wani bisa wani, dogo a sama, gajere a ƙasa. Su ne lam, a Najeriya kuma sifirin. Ƙusa guda ta ratsa tsakiyarsu ta haɗe su, wasu ƙarafa biyu masu siffar ƙaho, wato birid, suka ɗaure su jikin fon. Bakin lam na gaba yana kafe jikin shasi, na baya kuma yana rataye da wasu ƴan ƙarafa biyu masu lilo, jumel ke nan, domin lam ya samu wurin miƙewa in kaya suka danne shi. Bashen Peugeot 404 da 504 da iyayenmu suka shiga, da na Toyota Hilux da Land Cruiser da suka gaje su, duka haka bayansu yake. Dabara ce tsohuwa tun zamanin keken doki, ta kuma daɗe domin ba ta da wuyar gyara.

Rashin wuyar gyaran nan ne ya sa kowa ya zama gwani. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, saboda haka kayan gyaranta suka cika kasuwannin Sakkwato da Kano, suka tsallako mana iyaka. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, duk wani sabon ƙarfe da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Masu motoci suka koma ga maƙera da ƴan gwangwan, ba su kuma dawo ba har yau, ko da yake Hilux ta karɓe hanya daga hannun Peugeot.

Kada a ɗauka ina cewa ɗaga bayan mota laifi ne. Lam yana gajiya kamar yadda bayan ɗan dako ke gajiya. Bayan shekaru ana danne shi, lanƙwasarsa takan miƙe, mota ta zauna, fitilunta su koma kallon sama suna kashe wa mai zuwa ido, fon ya riƙa dukan shasi a kowane rami. Irin wannan mota dole a maido ta inda take. Ƙasarmu ma tana da nata dalilin. Kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Kore Mai Ruwa da Dutsi ta nufi Ƙonni ita ce uwar hanya, amma wanda ya sauka daga kanta zai nufi ƙauyukan Dogon Kiriya ko na Sukukutan ko na Ɗan Kasari, ko kuwa ya yi kudu cikin ƙasar Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ya san rairayin Dallol Mawri da ƙoramun damina. Wurin hawa gaɓar ƙorama, wutsiyar mota da tayar ajiya su ke fara dukan ƙasa, kuma ƙarin santimita huɗu ko biyar yana raba mutum da kwana a daji. Sai dai akwai abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: ko nawa ka ɗaga akwatin mota, ƙwaryar fon tana nan inda take. Ita ce ke jan ƙasa cikin zurfin sawu, ba kuma abin da ke ɗaga ta sai taya mai girma.

Hanyar da aka fi bi a nan ita ce bugun lam. A kwance shi, a raba shi ɗai-ɗai, a aza kowane bisa wani ƙarfe mai rami, yara majiya ƙarfi su yi ta dukansa da guduma har lanƙwasarsa ta dawo. Makanike mai hankali yakan zana siffar da alli a ƙasa domin na dama da na hagu su zo daidai, in ba haka ba mota ta fito tana ɗingishi. Ita ce mafi arha, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, bayan ƴan watanni yakan koma inda ya fito. Abin da ba a yafewa shi ne sa shi a wuta domin ya yi saurin lanƙwasa. Ƙarfen lam an dafa shi ne a masana'anta, aka kashe shi cikin mai, aka sake ɗumama shi da awo, daga nan ya samu halin nan na lanƙwasa ya dawo. Wutar gawayi tana cire masa wannan hali, ya zama ko dai mai laushi ko mai tsinkewa. Haka ma walda: lam ɗin da ya karye aka liƙe shi, zai sake karyewa dab da wurin da aka liƙe, galibi kuma ranar da kaya suka fi yawa.

Daga bugu sai ƙari. A nemo lam ɗaya ko biyu, wani lokaci na motar da ta fi girma, a cusa cikin jerin, a sa doguwar ƙusar tsakiya. Wannan yana ɗaga mota kaɗan, yana kuma sa ta yi tauri, shi ya sa masu lodi suka fi son sa. Ƙarin guda ɗaya mai faɗi daidai da na asali, wanda aka yanka tsawonsa ya dace da jerin, ba zan yi faɗa da shi ba. Amma na ga motar da aka ƙara wa huɗu a kowane gefe. Irin wannan in ba kaya, bayanta ba ya lanƙwasa ko kaɗan. A kan hanyar jan ƙasa mai gargada sai ta riƙa tsalle, ƙafafun baya suna barin ƙasa, wutsiya tana neman wuce kai a kowace kwana. Dukan da lam ya ƙi sha kuwa bai ɓace ba, shasi ke shan sa, shi ya sa kake ganin tsaga kusa da inda lam ke kafe, an yi mata faci bisa faci.

Akwai masu sa dunƙulen ƙarfe tsakanin fon da lam, wanda ake kira kal, tare da dogayen birid. A nan sai a duba tukuna, domin dabarar tana ɗaga motar da lam ɗinta ke zaune bisa fon ne kawai, kamar Hilux mai jan ƙafa huɗu. In lam yana ƙarƙashin fon, kal saukar da motar zai yi. Ba ya ƙara wa lam ƙarfin ɗaukar ko tiya guda, tsawo kawai yake bayarwa. Illarsa kuma a rairayi take fitowa: da yake ya nisanta fon da lam, duk lokacin da direba ya ba da wuta, fon yana samun damar murɗe lam, ƙafa ta riƙa haƙa tana tsalle, har wata rana ƙusar tsakiya ta tsinke. In ta tsinke, fon ya goce gefe ɗaya, ka ga mota tana tafiya a kaikaice kamar kare. Wanda zai sa kal, ya sa guda ɗaya na ƙarfe mai ƙwari, kada ya wuce santimita biyar, kada a aza wani bisa wani, kada kuma a kai shi ƙafar gaba. Birid ɗin da aka taɓa ɗaurewa aka kwance ya riga ya miƙe, sabo ake sawa, a sake matse shi bayan tafiya biyu ko uku.

Wasu kuma jumel suke tsawaitawa, da yake kowane mai walda yana iya yanka shi. Lissafinsa a taƙaice yake: tun da baki ɗaya na lam kake saukarwa, ƙarin santimita shida a jumel yana ba ka kamar uku a bisa ƙafa. In ya yi tsawo da yawa, baya yana lilo hagu da dama.

A ƙasashen waje akwai jakunkunan roba da ake sawa tsakanin lam da shasi a hura musu iska gwargwadon kaya, a sace ta in an sauke. Dabara ce mai kyau a takarda, amma tana da tsada, ƙaya da zafin ƙasarmu ba su ƙyale roba, kuma tana tara nauyi wuri ɗaya na shasi wanda ba a yi shi don haka ba. A Ostiraliya, inda ake yawan amfani da irin waɗannan motoci cikin daji, an sha ganin shasi ya lanƙwashe bayan ɗakin direba saboda an cika kaya can wutsiya an dogara da su. Mu namu ya fi wannan sauƙi da muni: guntun icce ko yankin tsohuwar taya a cusa tsakanin fon da shasi a ɗaure da waya. Wannan ba ɗaga mota ba ne, mai da ita amalanke ne mai gudun kilomita tamanin.

Gyara na gaskiya shi ne sabon jerin lam gaba ɗaya, dama da hagu, irin wanda aka yi don aiki mai nauyi, tare da amortisar da ta dace da tsawonsa. Na san amsar da za a ba ni, kuma zan zo kanta.

Yanzu mu koma ƙarƙashin motar nan inda dattijo ke kwance. Ya haska mini wani ɗan ƙarfe kamar dunƙulen hannu, liƙe jikin shasi, bututun man birki ya shiga ta gefe ya fita ta wani gefen, wata siririyar sanda kuma ta taso daga jikinsa ta je ta kama fon. Makanikai suna ce masa kompansater, ni kuwa zan kira shi mai rabon birki. Aikinsa shi ne ya san ko mota tana da kaya ko babu. In babu kaya, bayan mota ba shi da nauyi, birki mai ƙarfi zai kulle ƙafafun baya mota ta juya, saboda haka sai ya rage ƙarfin man da ke zuwa baya. In an yi lodi, akwati ya sauko kusa da fon, sandar nan ta motsa, sai ya buɗe hanya birkin baya ya samu rabonsa cikakke. Ba shi da ido, ba shi da sikeli. Tazarar da ke tsakanin shasi da fon kawai yake aunawa.

To, ka ɗaga bayan mota da santimita bakwai ko takwas, ka ƙara mata lam uku, ba ka taɓa sandar ba. Ka aza buhu 22. Mota ta sauko, amma iyakarta ta dawo tsawon da take da shi ranar da ta fito daga masana'anta ba kaya. Mai rabon birki ya auna, ya ga tazarar motar da babu kowa cikinta, ya riƙe mai. Nauyin da ya fi tan uku yana bisa ƙafafun baya, su kuwa ana ba su birkin mota fanko. Aikin duka ya koma kan ƙafafun gaba, waɗanda nauyin baya ya riga ya sassauta musu riƙon ƙasa. Abin da ya same mu a gangaren nan ke nan. Abin da direba yake taƙama da shi, cewa motarsa ba ta zama, shi ne ya hana birkinsa aiki, kuma ko sau goma ya sake takalman baya ba abin da zai canza.

Maganin farko bai kai kuɗin buhun siminti ba: ɗan falon ƙarfe da ƙusa biyu, a ɗaga inda sandar ke kama fon daidai da yawan abin da aka ɗaga motar. Amma a sani wannan yana gyara lissafin tsawo ne kaɗai. In lam ya yi tauri fiye da na asali, mota ba za ta sauko yadda ya kamata ba in an yi lodi, mai rabo zai ci gaba da raina kayan, sai makanike ya sake daidaita shi da kaya a kai, a gwada birki a fili. Wasu sukan gaji su cire shi ɗungurungum su haɗa bututu kai tsaye. Da kaya motar za ta yi birki, amma ranar da ta dawo fanko bisa tsakuwa, taka birki guda ya isa ta waiwaya inda ta fito. A motoci da yawa ma tsatsa da laka sun daɗe da kafe shi wuri ɗaya, mai motar bai san akwai shi ba. Sababbin motoci masu birkin ABS kwamfuta ce ke yi musu wannan rabo, amma ba su ne ke zuwa kasuwar Fadama ko ta Lido ba.

Sauran abubuwan da ɗagawa ke taɓawa ba su da wuyar ganewa. Tiyon roba na birkin baya yana da iyakar tsawo, in fon ya rataya cikin rami zai iya tsinke shi. Amortisar, wadda a Najeriya ake ce wa shokozoba, in ta yi gajarta tana fizge maƙallinta. Kardan ya ƙara karkata, gaɓoɓinsa su riƙa ci da wuri. Fitilu in ba kaya su koma haska ƙasa dab da hanci. Kowane santimita da aka ƙara kuma ya ɗaga buhuna da mutanen da ke bisansu, mota mai nauyi a sama kuwa ita ce mai saurin kifewa a kwana.

Babbar maganar dai ita ce ta nauyi. Jikin kowace mota akwai ɗan allon ƙarfe na masana'anta, a kart giriz ma an rubuta: nauyin mota fanko, da iyakar nauyinta da kaya. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne abin da aka yi ta ta ɗauka. Ga Hilux da takwarorinta wajen tan guda ne, har da direba da karen mota da duk wanda ya hau. Wato buhu goma masu kilo 100 ba mutum ko ɗaya, ko kuwa mutum goma sha biyar ba buhu ko ɗaya. Tamu ta ɗauki kilo 2.200 na wake, ga mutane da raguna da suka haura tan guda. Lam yana cikin abubuwan da suka sa aka yanke wannan adadi, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai faɗin birki, da kaurin sandunan da ke cikin fon, da rulma, da shasi, da taya. Ka ƙarfafa ɗaya, sauran suna nan yadda injiniyan Japan ya bar su.

Ku duba jikin taya, za ku ga lamba bayan girmanta. Tayar aiki mai rubutun 195 R14 C tana zuwa da lamba 106, ma'anarta kilo 950. Biyun baya ke nan kilo 1.900, cikinsu har da nauyin bayan motar kanta, kuma sai in sabuwa ce an cika ta da iska daidai. Tayar ƙaramar mota mai lamba 90 kilo 600 kawai take ɗauka, ga shi kuwa ita ake saye ta hannu a maƙala, da yake ta shiga. Ku aza wannan lissafi bisa kwaltar watan Afrilu da tsakar rana. Mota mai gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafar direba ta kai ga birki. Da can, zaman mota shi ne sikelin talaka: in aka ga baya ya kwanta, fasinja da kansa yana cewa a rage kaya ko shi ya sauka. Ƙarin lam ya kawar da wannan shaida daga idon kowa.

A Faransa wanda ya yi wa motarsa babban canji irin wannan sai ya kai ta hukuma ta auna ta ta sake ba shi takarda. A Ostiraliya ana iya ƙara wa mota iyakar nauyinta bisa doka, amma sai injiniya ya gwada birki da fon ya sa hannu, a manna sabon allo. Mu nan muna da dokar awon nauyi ta ƙungiyar UEMOA, mai lamba 14 ta shekarar 2005, sai dai manyan motoci ta shafa, kuma kare kwalta ne babban nufinta. Bashe mai mutum goma sha huɗu bisa buhuna ta yi mata ƙanƙanta. Wurin bizit kuwa mota tana zuwa fanko, wadda take bin hanyar ƙauye ma ba lalle ta je ba.

Ga amsar da na ce za a ba ni, na kuma ji ta daga bakin direban nan da kansa. Motar ba tasa ba ce, kullum akwai abin da zai kai wa mai ita ko an samu ko ba a samu ba. Man da ake samu da rahusa daga ƙetaren iyaka ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayu na 2023. A shekarar nan kuma aka rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, kayan gyara suka yi wuya. Kasuwa rana ɗaya take ci a mako, manomi yana son wakensa ya fita ranar, ba zai biya kuɗin sahu biyu ba. In ya tsaya a buhu goma, na bayansa zai ɗauki ashirin da biyar ya karya masa farashi. Duk wannan gaskiya ne, ban kuma zo in ce masa ya bar iyalinsa da yunwa ba. Amma lissafin nan akwai waɗanda ba a sa cikinsa ba, su ne waɗanda ke zaune a bisa buhu, sun biya kuɗin mota, ba wanda ya gaya musu cewa birkin baya yana barci.

Saboda haka roƙona ya fi karkata ga shugabannin tasha da ƙungiyar direbobi, domin su ne ke ganin kowace mota kafin ta tashi, su ne kuma ake jin maganarsu. Ba sai an jira wata doka daga Yamai ba kafin a ce duk motar da aka ɗaga a leƙa ƙarƙashinta a ga ko an ɗaga sandar mai rabo, ko tiyon birki yana da sarari, ko akwai icce a cushe. Aikin minti biyar ne da fitilar salula. Ba kuma sai an jira kowa ba kafin a ce motar da ta cika buhu kada ta ɗauki mutum a sama, wadda za ta ɗauki mutane ta rage buhu. Makanikai kuma su daina karɓar rabin aiki: wanda ya zo a ƙara masa lam, a gaya masa kuɗin har da na gyaran birki, in ya ƙi ya tafi wani wuri.

Motar da na shiga, dattijo ya cire mata lam biyu cikin ukun da aka ƙara a kowane gefe, ya yanka ɗan ƙarfe ya ɗaga sandar, ya sake tiyo. Cikin waɗanda ya cire an iske ɗaya da tsaga har rabi, ya ba wani maƙeri da ke bayan gareji, wanda ke sayen irinsu yana ƙera adda da gatari. Mai motar ya zo ya biya yana ƙunƙuni, ya ce yanzu ta koma ta zama in ta kai buhu goma sha biyar. Dattijo ya ce masa: “Alhaji, ai tun can ma zaune take, kai ne ba ka gani.”